Turaren Iya da Koren Haske

Tun da na dawo Mafara, duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka tambaya ɗaya take yi: "Safiya, ya Jamus?" Sai in ce akwai sanyi, a yi dariya, in miƙa mata cakulan, zance ya koma kan wadda ta haihu da wadda ta tare. Amma ku da muka yi aji ɗaya kun ƙi ƙyale ni, don kun san ba sanyi na je gani ba. To ga labarin. Na rubuta shi ne saboda duk sanda na fara shi da baki, ba na iya kai shi ƙarshe.

Bari in fara da abin da ya kai ni, saboda waɗanda suka rabu da kimiyya tun sakandare. Hasken da muka saba da shi mai biyayya ne. A haska ja a bango, ja zai dawo. A ninka ƙarfinsa, abin da zai dawo ya ninku daidai. Amma idan haske ya yi ƙarfi ƙwarai, aka kuma matse shi a ɗan ƙanƙanin wuri, sai abin da ya faɗa wa ya daina amsawa daidai wa daida. A ninka sau biyu, amsa ta ninku sau takwas. Har launi yakan sauya: ƙwayoyin haske uku waɗanda ido ba ya gani su haɗu su zama guda, kore shar. Abin da ke matse hasken 'yan gutsattsarin zinariya ne, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai faɗin gashi ɗaya. A ƙarƙashinsu ake shimfiɗa girafin, wato bargon fensir ɗin nan da muke rubutu da shi, amma an feƙe shi har kaurinsa ya koma na ƙwayar zarra ɗaya.

Ranar da na yi wa Baba wannan bayani muna bakin gonarsa ta shinkafa a Bakolori, ya daɗe yana kallon kanal. Sannan ya nuna mini ƙofar da ruwa ke kurɗawa.

"To ai mu mun daɗe da sanin wanga," in ji shi. "Dubi ruwa can, baƙi, shiru. Dubi nan inda anka matse shi. Hwari shika yi, har da kuka. Shi za ki tahi Turai ki koyo?"

Shi ne. Shekara uku ina lissafin wannan koren a kwamfuta ban taɓa ganinsa da idona ba, domin jami'armu ba ta da na'urar. Sai wata farfesa a kudancin Jamus ta amsa wasiƙata. Ta ba ni wata uku a ɗakin bincikenta, ta kuma faɗa mini gaskiya tun farko: gurbin digiri na uku ɗaya ne a hannunta. Idan na haɗa samfurina na auna koren, nawa ne. Idan ban samu ba, na wani ne.

Ban je Tsibiri sallama ba. Baba ya ce hanyar Maradun ba ta biyuwa a lokacin, kuma ba a musu da shi a kan wannan. Kakata Iya, wadda na ci sunanta, tana can. Duk amaryar da aka kai a yankin da turaren wutar Iya aka kai ta. Hawi da gajiji da farce take haɗawa, ta jiƙa su da mai, ta rufe wata guda ba ta bari kowa ya buɗe. Saura kwana biyu in tashi sai ga wani direba da kwalba a leda.

"Iya ta ce a ce ma takwara ta riƙa turara kayanta," in ji shi, "kada Turawa su ce ɗiyan Maradun ba su da uwaye."

Inna ta karɓi kwalbar, ta naɗe ta a tsohon zanenta na saƙi, ta kwashe duk kayan da na shirya ta sa ta a can ƙasa.

"Ummi, nan aka aje abin kirki," ta ce. Ba ta kiran sunana, tunda na surukarta ne. "Ƙasa, cikin zane. Haka nig ga uwata na yi."

Ta Sakkwato muka bi. A Lambar Bakura muka tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta taso daga Dakko tun safe tana jirana da ƙullin kilishi da yaji. Ta taga muka gaisa. Ta tambayi Inna, ta tambayi gajiya, ta tambayi kowa a gidanmu da sunansa, direba yana ta danna oda, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba sai da ta gama addu'arta. Daga nan motar ta yi tsit. Kun san wannan shirun, inda kowa ke kallon daji ta gefen ido, matar da ke kusa da ni tana jan carbi. Sai da muka wuce Tureta baki ya dawo wa mutane. Wani dattijo ya waiwayo.

"'Yan mata, ina zuwa da wanga babban akwati?"

"Karatu, Baba. Jamus."

"Karatun mi?"

"Na haske."

"Madalla! In kin koyo ki biyo ta unguwarmu, mun kwana biyu ba mu ga wuta ba."

Motar duka ta kwashe da dariya, har da ni. Ita ce dariyar da na yi da zuciya ɗaya a tafiyar nan.

Daga Sakkwato jirgi zuwa Abuja, daga Abuja wani jirgin. A filin jirginsu ma'aikacin shige da fice ya tambaye ni abin da na zo yi. Na fara yi masa bayanin zinariya da girafin, ya buga hatimi da sauri kamar mai tsoron kada in ci gaba. Masu duba kaya ne suka tsare ni. Wani kare ya zo ya dafe akwatina, ni kuma na manne da bango ina salati. Suka fito da kilishin Gwaggo, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka jefa shi a kwandon shara a gabana. Na tuna ta tsaye a bakin titi tun safe, na kau da kai. Sannan wata mata daga cikinsu ta warware zanen saƙi ta buɗe kwalbar. Ta kalli baƙaƙen itatuwan nan masu danƙo, ta kalle ni, ta shinshina. Sai na ga ta lumshe ido. Ta rufe, ta miƙo mini da murmushi.

Na sha tunawa da matar nan. Abin da ba zai cuce ni ba ta ƙwace, ta bar mini ɗayan.

Masaukina wani ɗaki ne a saman gidan wata tsohuwa mai suna Helga, ita da kyanwarta. Akwai gado da tebur da wani ƙarfe a jikin bango da ke ɗumama ɗaki. Abincin yammansu burodi ne mai sanyi da cuku, ba wanda ke hura wuta don baƙo. Na yi mako ina barbaɗa yajin Gwaggo a kan dankali kafin in gano shagon wasu Turkawa inda ake samun naman halal da shinkafa. A can na ga gawayi, na yi murna kamar na ga ɗan garinmu.

Ranar Lahadi bayan la'asar na hura shi a 'yar tasa, na ɗora turaren Iya. Hayaƙin bai gama miƙewa ba wani farin abu a rufin ɗakin ya fasa ƙara, irin wadda ke shiga haƙori. Helga ta hau bene da gudu da tulun kashe gobara, kyanwa a bayanta. Ta same ni tsugune a gaban tasa da zane a hannu. Ta buɗe tagogi duka, sanyi ya shigo, ta nuna abin rufin, ta nuna tasa, ta girgiza yatsa. Ban ji yarenta ba amma na gane. Tun daga ranar ban ƙara hura wuta ba. Sai na kwance murfin kwalbar na bar ta a buɗe cikin akwati, na tura akwatin kusa da ƙarfen ɗumi. In kewa ta ishe ni, sai in ɗaga murfin akwatin in sa fuskata a ciki. Tsakar gidan Iya ke fitowa, da inuwar darbejiyarta.

Mutanen wurin aikin ba su da mugunta, gaisuwa ce dai ba su da ita. Ranar farko na rusuna wa Farfesa, na tambaye ta kwana da gajiya da gida da yara. Sai ta ajiye alƙalami, fuskarta ta sauya.

"Me ya sami yarana?"

Wata ɗaliba 'yar Biyetnam mai suna Lan ce ta cece ni. Ta ce a garinsu ma haka ake yi. Ita aka haɗa ni da ita, ita ta koya mini shiga ɗakin tsafta, inda ake haɗa samfuri. Ana shiga ne cikin farar riga tun daga kai har ƙafa, da safar hannu da takunkumi. Ba hoda, ba kwalli, ba turare. Lan ta nanata mini wannan, ta ce abin da kaurinsa zarra ɗaya ne, ko numfashi kaya ne a kansa. Na kiyaye. Na sayi sabulu marar ƙamshi, na ware kaya kala biyu da ba sa shiga akwati, na rataye su a bayan ƙofa. Ina so ku riƙe wannan: na sani. Ba jahilci ba ne.

Aikin kamar ɗaukar yanar gizo ne daga saman ruwa ba tare da ta yage ba. Ana taso girafin a kan ruwa, a tallabo shi da ɗan faranti kamar farcen babban yatsa, a bari ya bushe, sannan a zana gurbin zinariyar, a feshe ta. Kowane mataki kwanaki ne, kuma sai a ƙarshe ake sanin ko ya yi. Samfurin farko ya yage. Na biyu ya naɗe kamar tsohuwar tabarma. Na uku zinariyar ta cakuɗe. Rana tana faɗuwa tun la'asar, ina fita cikin duhu in koma cikin duhu, Inna tana bugo waya tana tambaya ko na ga hasken, ina cewa saura kaɗan.

A mako na goma Lan ta ɗago daga madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce in zo in duba. Ga gutsattsarin zinariyar nan a jere, biyu biyu, kowane da kusurwa uku, tsini yana fuskantar tsini kamar tantabaru masu shan ruwa a kasko ɗaya. Girafin a ƙarƙashinsu lumui, ba yaga ko ɗaya. Lan ta rungume ni da rigar tsafta da komai.

Leza, wato na'urar hasken da ke da ƙarfin fito da koren, ba a garin da muke take ba. Tana wani gari, tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa, kuma layi ake bi. An ba mu Litinin da Talata. Ranar Juma'a Lan ta sa samfurin a ɗan akwatin roba, ta sa akwatin a leda, na'ura ta zuƙe iskar ta liƙe bakin. Ta ce in tafi da shi gida tunda jirginmu na sassafe ne.

"Ajiye shi wuri mai kyau," ta ce.

Ranar Asabar da azahar rana ta fito, karo na farko cikin makonni. Ta faɗo a kan teburina, a kan ledar. Ta cikin roba ba a ganin komai sai dishi-dishi. Na daɗe ina kallo. Shekara uku ina mafarkin abin nan, ban taɓa ganinsa a hasken Allah ba sai a ƙarƙashin fitilar ɗakin tsafta mai ruwan ɗorawa. Na ce sau ɗaya kawai. Na ɗauko almakashi.

Shunayya ne. In an karkata shi sai ya koma shuɗi, a tsakiya kuma wani ɗan ɗigo yana walƙiya, nan zinariyar take. Ban taɓa shi ba, ban yi numfashi a kansa ba. Na rufe akwatin robar. Sai a lokacin na tuna ba ni da abin da zan sake liƙe ledar, kuma katina na baƙuwa ba ya buɗe ginin a ƙarshen mako. Murfin robar ba ya hana iska shiga. Tsoro ya kama ni. Na ji tsoron ƙura, na ji tsoron kyanwar Helga da ke hawa tebur ta ture kofi. Ban tsaya tunani ba. Hannuna ne ya yi abin da ya sani. Na ɗauko zanen saƙin Inna na naɗe shi da kyau, na kwashe kaya, na sa shi a can ƙasan akwati, na mayar da kaya, na rufe. Har na ji sanyi a raina, kamar na yi abin da ya dace.

A can ya kwana biyu, kafaɗa da kafaɗa da buɗaɗɗiyar kwalba, a jikin ƙarfen ɗumi.

A jirgin ƙasa na gaya wa Lan na buɗe ledar. Ta ɓata rai, sannan ta ce in dai ban taɓa ba, kwana biyu a iska ba zai kashe shi ba. Ban ambaci akwati ba, don bai zo mini a rai ba sam.

Mai kula da lezar wani dattijo ne, Tomas, mai furfura da raha. Ya ba mu tabarau, ya ja labule, ya ɗora samfurin. Hasken da ke shiga ba a ganinsa, sai dai a yarda yana nan. Ya fara murɗa ƙarfin a hankali, mu uku muna kallon baƙin allo. Sai ga shi. Ɗigo ɗaya, kore, irin koren alkama sabuwar tsira. Tomas ya ƙara kaɗan, ɗigon ya yi tsalle ya haska fiye da abin da aka ƙara, daidai yadda lissafina ya ce. Na ji bakina yana cewa Allahu akbar.

Ban gama rufe baki ba ya fara dusashewa. Ya koma kamar garwashin da toka ta rufe, ya mutu.

Tomas ya ce ba komai, mu matsa gaba zuwa wani gurbin zinariyar. Na gaba ya haska ya mutu. Na bayansa ko haskawa bai gama ba. Ya kashe lezar, ya kunna fitila, ya duba a madubi. Duk inda haske ya taɓa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya shafa gemu. Sai ya ɗauki akwatin robar zai matsar da shi, ya tsaya, ya kai shi hanci.

"Wane turare ne wannan?" ya ce. "Ban taɓa jin mai daɗinsa ba."

Lan ta juyo ta kalle ni. Ta san ƙamshin, ta sha jin sa a mayafina ranar da ba ma shiga ɗakin tsafta. 

Da na faɗa musu inda ya kwana, Tomas bai yi dariya ba. Ya zauna ya yi mini bayanin abin da na riga na sani. Ɗumi ya tayar da man turaren, man ya sauka a kan samfurin, ya yi shimfiɗar da ta fi girafin kansa kauri. A daidai tsinin da zinariya ke matse haske, nan man ya ƙone, ya tafi da abin da ke ƙarƙashinsa. Ranar Talata muka gwada wanke sauran. Ina kallo girafin ya ɗago daga gefe, ya naɗe, ya bi ruwan.

Tomas ya buga mini hoton ɗigon farko a takarda. Na tambaye shi ko zai isa a rubuta wani abu a kansa. Ya girgiza kai. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa daga ina koren ya fito, daga girafin ko daga man.

Farfesa ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta dubi kalanda. Saura mako biyu bizata ta ƙare, sabon samfuri kuwa sai ya ci biyar, layin leza kuma ya yi nisa. Ta ce hannuna yana da kyau, ta ce in sake nema baɗi. Da irin muryar da muke ce wa mai kaya a kasuwar Talata "sai na zagayo" ta faɗe shi. Gurbin an ba wani. Na yi sauran kwanakin ina wanke kwalabe, ina rubuta wa wanda zai gaje ni matakan da na bi. A ƙasan takardar na ƙara layi ɗaya, cewa kada a buɗe ledar. Lan ta raka ni tasha. Helga ta ba ni safar ulu da ta saƙa, wadda ban san ranar da zan sa ta a Mafara ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Mun wuce Lambar Bakura ban leƙa taga ba. Da muka kusa gari na ga alkamar Bakolori ta tsiro, fadama duka kore, sai na rufe ido.

A gida na tarar da Iya. Ashe ina can zaman Tsibiri ya gagara, Baba ya sa an ɗauko ta da kayan jikinta kawai. Tukwanen turarenta da itatuwanta duk suna can, ba ta san ko za ta sake ganinsu ba. Ta rame. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Inna, a gidan da ba nata ba, hannayenta a cinya ba abin yi. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin wadda na yi wata uku ban ji ba. Sannan ta kama haɓata.

"Takwara, kin ga hasken naki?"

"Na gani, Iya. Kamar ƙiftawar ido."

"To ai kin gani. Turarena hwa? Ya kai ki?"

"Ya kai ni, har da saura."

"Turawan sun ji shi?"

Inna tana tsaye da buta, Baba yana bakin ƙofa yana cire takalmi. Su na gaya musu tun a waya cewa samfurin ya lalace, ban faɗi dalili ba.

"Sun ji, Iya," na ce. "Wani dattijonsu ya ce bai taɓa jin mai daɗinsa ba."

Fuskarta ta buɗe. Inna ta ce tun da aka kawo ta ba ta yi dariya ba sai ranar.

"Kun ji ko?" ta ce wa Baba. "Har Turai!" Ta juyo gare ni. "Na ƙarshe ke nan da niy yi. Ɗauko sauran, mu ji shi."

Na buɗe akwati, na kwashe kaya har ƙasa. Kwalbar tana nan cikin zanen saƙi, ɗan akwatin robar yana gefenta, don ban iya jefar da shi ba. Na ɗauki ɗaya na bar ɗaya. Inna ta kawo garwashi a kasko, Iya ta ɗora da hannunta, ta jawo ni kusa ta riƙa kaɗa hayaƙin cikin mayafina. Ba abin da ya yi ƙara a rufin ɗaki.

Yanzu na koma koyar da 'yan aji ɗaya yadda haske ke dawowa daga madubi, ja ya tafi ja ya dawo. Ban sake rubuta wa Farfesa ba tukuna, ban san ko zan iya ba.

Iya ba ta karatun boko, Inna ma haka. Don Allah in kun zo gidanmu, ku tambaye ni sanyi.